Yaya Za a Kiyaye Yara Daga Cutarwar Dabbobin da Ake Kiwo a Gida?

Tambaya

Ina da 'ya'ya uku, babbarsu shekararta 8, ƙaramin kuma yanzu yake rarrafe. A gidanmu akwai kyanwa da kaji da tattabaru, maƙwabcinmu kuma yana da karen gadi wanda yakan kwance ya shigo mana. Yaran sun shaƙu da dabbobin nan ƙwarai, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Shin ya halatta in bar su suna wasa da su? Me ya wajaba a kaina don kada su cutu? In kare ya lashi yaro ko ya cije shi, wankewa sau bakwai ta wadatar?

Taƙaitacciyar amsa

Ya halatta a ajiye kyanwa da tsuntsaye da makamantansu, ya kuma halatta yaro ya yi wasa da su, da sharaɗin kada yaron ya cutu kuma kada a azabtar da dabbar. Nauyin tsaron yana wuyan babba. Ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da dabba komai sabonsa da ita. Wankewa sau bakwai hukunci ne na tsarki da ya zo a kan ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki, ba maganin cizo ba ne. Wanda kare ko kyanwa ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Na farko: hukuncin ajiye dabba a gidan da yara suke

Ka sani, ya ɗan'uwa mai tambaya, Allah Ya raya maka zuri'a, asali game da kiwon dabbobin gida shi ne halacci matuƙar ana ba su haƙƙinsu na ci da sha da wurin kwana.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (Allah Ya yarda da shi) cewa yana da ƙane ƙarami, ana yi masa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) yakan shigo gidansu ya yi wa yaron raha, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Malamai sun fitar da fa'idoji masu yawa daga wannan hadisi. Daga cikinsu akwai halaccin barin yaro ya yi wasa da tsuntsu, da halaccin ajiye shi a keji idan ana ciyar da shi kuma ba a wahalar da shi.

Game da kyanwa kuwa, hadisin Abu Ƙatada wanda Malik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa ita ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida. Sai dai Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Kare hukuncinsa daban ne. Ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko tsaron gona ba, ana rage masa lada mai yawa a kowace rana. Saboda haka ba a ajiye wa yara kare don wasa ko ado. Shi kuwa karen gadin gida, malamai sun yi saɓani a kansa, kuma da yawansu sun halatta shi idan akwai buƙata ta gaskiya, ta hanyar ƙiyasi a kan abubuwa ukun nan. Imam Nawawi ya rinjayar da halaccin. An kuma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi kuma yana jin tsoron maƙiya. Wanda buƙata ta sa ya ajiye shi, sai ya yi masa wuri a wajen ɗakunan kwana, nesa da inda yara ke wasa da cin abinci.

Na biyu: nauyin yana kan babba

Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya bayyana cewa kowane mutum makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo, namiji a kan iyalinsa, mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Yaro ba mukallafi ba ne, dabba kuma ba ta da hankali. Idan aka haɗa su wuri guda aka tafi, to, babu wanda za a tuhuma sai wanda ya tafi ɗin.

Daga nan ne ƙa'ida mafi girma ta wannan babi ta fito: kada ka bar jariri ko yaron da bai kai shekara 5 ko 6 ba shi kaɗai da kare ko kyanwa ko rago, ko da na ɗan lokacin da za ka shiga banɗaki ne. Barin shi a hannun yayarsa mai shekara 8 ba tsaro ba ne, domin ita ma tana buƙatar mai tsaronta.

Mutane da yawa sukan ce, ai dabbar nan a hannunmu ta tashi, ba ta taɓa cizon kowa ba. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Mafi yawan cizon da ƙananan yara ke samu daga karen da suka sani ne, na gida ko na maƙwabta, ba daga baƙon kare ba. Dalili kuwa a fili yake: yaro ba ya tsoron abin da ya saba da shi, sai ya ja masa wutsiya, ya hau bayansa, ya sa hannu a kwanon abincinsa. Dabba mafi haƙuri ma tana da ranar da ciwo ko yunwa ko tsoro zai sauya ta. Kuma saboda gajartar yaro, fuskarsa tana daidai da bakin kare, shi ya sa cizon yara yakan faɗa a fuska da kai da wuya, waɗanda su ne wurare mafi haɗari.

Ɗaukar matakin kariya ba ya cin karo da tawakkali. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya umarci mai raƙuma da ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Ka yi wa 'ya'yanka addu'o'in neman tsari kamar yadda yake yi wa Hasan da Husaini, ka kuma rufe ƙofar.

Na uku: tsarki daban, lafiya daban

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa, don haka ka lura da kyau. Tambayar ko abu najasa ne tambaya ce ta ibada: shin za a yi salla da shi? Tambayar ko abu yana ɗauke da cuta kuwa tambaya ce ta daban, kuma likitoci ake yi wa ita.

Ga misali, kashin kaza da na tattabara da na tumaki mai tsarki ne a wurin Malikiyya da Hanbaliyya, saboda dabbobi ne da ake cin namansu, matuƙar ba najasa suke ci ba. Amma wannan kashin yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa yaro gudawa da zazzaɓi. Haka nan yawun kyanwa mai tsarki ne, ragowar ruwan da ta sha ana alwala da shi, amma cizonta yana iya ruɓewa cikin kwana guda. Hukuncin tsarki bai ɗauke maka wanke hannun yaro da sabulu ba.

Game da kare, Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira umarnin wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai, na farko da ƙasa. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin kare najasa ne, sun kuma ƙiyasta jiki da tufafi a kan ƙwarya. Hanafiyya suna ganin yawunsa ne najasa. A mashhurin mazhabar Malikiyya kuwa kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar bauta ce da aka umarce mu da ita. Ibn Rushd ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid cewa kakansa yana ganin dalilin umarnin shi ne tsoron kada karen ya kasance mahaukaci, a cutu da abin da ke cikin yawunsa. Ka ga ke nan tun ƙarnoni da suka shuɗe malamanmu sun hango haɗarin.

Saboda haka idan kare ya lashi lafiyayyar fatar yaro, inda babu rauni ko ƙuje, wankewa ta isa, kuma wanda ya wanke sau bakwai don fita daga saɓanin malamai ya kyauta. Amma idan haƙori ko farce ya ratsa fata, ko lasar ta faɗa a kan rauni ko ido ko baki, kada ka goga ƙasa a wurin. Ƙasa a cikin rauni tana ƙara datti, tana kuma iya jawo tetanos, wato ciwon sarƙewar haƙora. Hadisin bai zo a kan rauni ba.

Na huɗu: cizon kare da ciwon haukan kare

Wannan shi ne mafi haɗari a cikin duk abin da muka ambata, don haka za mu tsawaita a kansa.

Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga ta rauni, ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunsa. Kyanwa ma tana iya ɗaukarsa ta kuma yaɗa shi.

Abin da ya sa yake yaudarar iyaye shi ne jinkirinsa. Galibi yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alamu su fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya warke, kowa ya manta, sai a wayi gari yaro yana zazzaɓi, yana firgita, ya kasa haɗiyar ruwa duk da ƙishirwa, har ganin ruwan ma ya tayar masa da hankali. A wannan mataki wasu sukan ɗauka iska ce ko sammu. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu wanda yake tashi. Amma kafin su bayyana, Allah Ya sanya rigakafin da yake hana cutar idan an yi shi a kan lokaci. Tun shekarar 1885 Luwi Fasto, masanin nan na Faransa, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allurar, ya kuma rayu da ikon Allah.

Idan abin ya faru, ga abin da za ka yi, bi da bi:

1. Ka wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai gudu, na famfo ko wanda ake tsiyayawa daga buta, na tsawon minti 15. Ka duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda kake zato tsawo. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗarin ƙwarai.
2. Ka shafa aidin ko sifirit idan akwai. Idan jini yana zuba da yawa, ka danne da tsumma mai tsabta.
3. Kada ka sa toka ko barkono ko kananzir ko man birki ko ganye ko gashin karen. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa.
4. Ka kai shi asibiti a ranar, ko da raunin ɗan ƙuje ne da bai yi jini ba. Ka gaya wa likita wace dabba ce, da lokacin, da halin da take ciki.
5. A kammala alluran. Ana yin ta farko a ranar da aka je, sannan a rana ta 3 da ta 7, a wani tsarin kuma akwai ƙari a tsakanin rana ta 14 da ta 28. Idan cizon ya ratsa fata, likita yana iya ƙarawa da wata allura da ake yi a cikin raunin da kewayensa, wadda take tare cutar kafin rigakafin ya fara aiki. Zai kuma duba batun allurar tetanos. Galibi ba a gaggawar ɗinke irin wannan rauni.
6. Idan an san karen, a tsare shi a wuri amintacce, ana ba shi ci da sha, a lura da shi kwana 10, a kuma sanar da likitan dabbobi. Amma kada a jinkirta fara allura ana jiran sakamakon kwana goman. Likita ne zai ce a tsaya idan karen ya ci gaba da zama lafiya.

Wanda aka cije shi kwanaki ko makonni da suka wuce bai je asibiti ba, to, ya je yanzu, matuƙar alamu ba su fito ba. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duka ana yi musu. Wannan allura ba ta karya azumi a wurin mafi yawan malaman wannan zamani, domin ba abinci ba ce kuma ba ta tsayawa a matsayin abinci. Ruƙiya ta shari'a alheri ce, a yi ta tare da zuwa asibiti, kada ta maye gurbinsa, domin Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya yi umarni da neman magani kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik.

Ka san alamun mahaukacin kare: sauyin hali kwatsam, cizon duk abin da ya tarar har itace da dutse, dalala mai yawa, tangaɗi, sauyin murya. Akwai kuma nau'in da ba ya faɗa, sai dai karen ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don cirowa. Kwikwiyo ma yana ɗauke da cutar, kuma shi ne yara suka fi ɗauka su rungume.

Rigakafi mafi inganci shi ne yi wa karnukan kansu allura, daga wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, galibi duk shekara. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar tana yankewa. A Najeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana gwajin wannan cuta. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara kuma ita ce ranar wayar da kai a kanta a duniya.

Na biyar: kyanwa

Haƙoran kyanwa sirara ne masu tsini. Suna huda fata su shiga can ciki, bakin raunin ya rufe, ƙwayoyin cuta su zauna. Idan wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi, musamman a hannu ko yatsa, kada a jira. Yaƙushinta kuma, musamman na ƙananan 'ya'yanta masu ƙuma a jiki, yana iya sa kaluluwa ta fito a hammata ko wuya bayan mako 1 zuwa 3, tare da zazzaɓi.

Kashinta da fitsarinta najasa ne a wurin jumhurun malamai, kuma a nan hukuncin tsarki da na lafiya sun haɗu. Kashin kyanwa da na kare yana iya ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki da ke daɗewa a ƙasa. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, tsutsar ta shiga jikinsa, wani lokaci har ta taɓa ido. Kyanwa tana son tulin yashi, wanda yara ma suke so, don haka a rufe yashin gini ko a hana su wasa a kai.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna toksoplasma da ke cikin kashin kyanwa, wadda take iya cutar da ɗan tayi idan mace ta kamu da ita a karon farko tana da ciki. Ƙwayar ba ta zama mai harbi sai kashin ya kwana 1 zuwa 5, don haka kwashe shi kullum yana rage haɗarin. Mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. Ba dole ba ne a kori kyanwar, domin ana samun wannan cuta ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba.

Kada kyanwa ta kwana a ɗakin jariri, gudun kada ta bi ɗumi ta kwanta kusa da fuskarsa alhali ba ya iya kawar da kai. Gidan sauro da aka soke gefensa da kyau yana taimakawa. Idan ka ga gashinta yana zubewa a zagaye, a kai ta wurin likitan dabbobi, domin makero yana tsallakawa daga dabba zuwa yaro.

Na shida: kaji da tsuntsaye da sauran dabbobin tsakar gida

Kaji da agwagi da 'yan tsaki suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela a jikinsu da kashinsu alhali suna da lafiya a ido. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi jigata da ita. A yi wa kaji akurki nesa da madafa, a share tsakar gida kafin a shimfiɗa wa yaro tabarma, kada kaza ta sa baki a kwanonsa, kada ya sumbaci ɗan tsako. Kunkuru ma haka yake, har Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru tun 1975 saboda yawan yaran da suka kamu ta dalilinsu.

Idan kaji ko tattabaru suka fara mutuwa da yawa kwatsam, kada yara su taɓa su, kada a yi gaggawar yankawa a fige. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. A sanar da ma'aikatan dabbobi. Ƙurar busasshen kashin tattabara da aku tana iya sa ciwon huhu, tana kuma tayar da asma, don haka babba ne zai share ɗakinsu, ya yayyafa ruwa tukuna, ya rufe hanci.

Ragon layya da aka turke yana tunkuyi, jaki da doki suna harbi, igiyar turke tana iya naɗe wuyan yaro ko ƙafarsa. Bokiti ko bahon da ake ba dabbobi ruwa yana iya halaka mai rarrafe idan ya faɗa da ka, ko da ruwan kaɗan ne. Maganin kaska da ƙuma, da fiya-fiya, da shinkafar ɓera, duka guba ne: a kulle su a sama, kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha.

Bayan kowace taɓa dabba, da kuma kafin cin abinci, a wanke hannun yaro da sabulu na kamar daƙiƙa 20.

Na bakwai: abin da za ka koya wa yaro

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tausayin dabba da tsira daga sharrinta darasi ɗaya ne, domin yaron da ba ya cutar da dabba ya fi kuɓuta daga cizonta. Ibn Umar (Allah Ya yarda da su) ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, da suka gan shi suka watse, ya sanar da cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, sai ya umarce su da su mayar mata. Ka ba 'ya'yanka waɗannan labarai, da labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, sannan ka koya musu:

- Kada su jefi kare, kada su ja wutsiya ko kunne, kada su hau dabba.
- Kada su taɓa dabbar da ke cin abinci, ko barci, ko rashin lafiya, ko wadda ke tare da 'ya'yanta.
- Kada su kusanci karen da ke ɗaure ko wanda ba su sani ba, kada su ɗauko kwikwiyo ko 'yar kyanwa daga titi.
- Idan kare ya yi gurnani, ya yage haƙora, ya sandare, ko kyanwa ta kwantar da kunnuwa tana huci, su ja da baya.
- Idan kare ya nufo su, kada su ruga kuma kada su yi ihu. Su tsaya cak, hannuwa a jiki, su kawar da ido daga idonsa, in ya juya su janye a hankali. In ya kayar da su, su dunƙule, su rufe fuska da wuya da hannuwa.

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci: ka yi musu alkawari cewa duk wanda dabba ta ciza ko ta yaƙusa, idan ya faɗa, ba za a doke shi ba, ko da shi ya tsokane ta, ko da an hana shi zuwa wurin. Yaro yakan ɓoye ɗan rauni don tsoron bulala, kuma raunin da aka ɓoye shi ne wanda ba a kai asibiti. Ka cika wannan alkawari. Ka kuma riƙa duba jikinsu lokacin wanka.

Na takwas: karen maƙwabci, da dabbar da ta zama haɗari

Ka yi wa maƙwabcinka magana da lalama, ka nemi ya tsare karensa, ya yi masa allura, ya nuna maka takardar shaidarta. Haƙƙin maƙwabtaka ya wajabta masa kame cutarwarsa. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa mai kare mai cizo, idan ya san halinsa ko aka gargaɗe shi amma ya yi sakaci, to, lamunin abin da karen ya ɓata yana kansa. In bai ji ba, ka kai maganar ga mai unguwa ko hukumar da abin ya shafa, kada ka sa guba, domin azabtarwa ce, kuma tana iya faɗawa kan wani yaro ko wata dabba. Kai ma ka gyara ƙofarka da katangarka, ka kuma shigar da yara gida idan magariba ta yi, kamar yadda sunna ta koyar.

Idan dabbar taka ce ta fara kai wa yara hari, ko likita ya tabbatar tana tayar wa ɗanka asma, to, kare rai yana gaba da sha'awar kiwo, kuma ƙa'idar shari'a ita ce ana gusar da cuta. Ka ba da ita ga wanda zai kula da ita, ka gaya masa aibinta, kada ka jefar da ita inda za ta mutu da yunwa. Wadda ake zargi da hauka kuwa ba a bayar da ita, likitan dabbobi ake kira.

Muna roƙon Allah Ya tsare 'ya'yanka da 'ya'yan Musulmi baki ɗaya, Ya sanya su sanyin idaniya.

Allah ne Mafi sani.